Darasi: Yadda Za Ka Lissafa Hanyar Dutsen Apophis Da Girmansa Da Wayar Hannunka



Kwanakin baya na je gida Adabka, muna zaune bayan sallar magariba sai kawuna ya miƙo mini wayarsa. Wani bidiyo ne aka turo masa ta WhatsApp, ga wani ƙaton dutse yana ci da wuta ya nufo duniya, ga murya tana cewa a shekarar 2029 komai zai ƙare. Ya ce da ni, "Kai ɗan nan, tunda kai ka san kan na'ura, wai gaskiya na dutsin ga za shi hwaɗo muna?"

Na ce masa, "Kawu, dutsen gaskiya ne, shekarar ma gaskiya ce, amma faɗowar ce babu." Ya ce to wa ya gaya mini? Wannan tambayar ce ta sa na rubuta darasin nan. Mai bidiyo ya faɗi tasa, ni ma na faɗi tawa, kuma babu dalilin da zai sa kawu ya fifita maganata sai idan akwai abin da za a iya dubawa. To akwai. Alƙaluman wannan dutse a buɗe suke ga kowa, kuma lissafin farko bai fi ƙarfin wanda ya gama sakandare ba. Ni ma iyakar karatuna ke nan, sauran a waya da kwamfuta na koya.

Abin da za ka buƙata

Waya mai Android da manhajar Pydroid 3, wadda ake rubuta Python da ita. Idan wayarka ba ta da wuri, kalkuleta mai alamar tushen lamba da ta ɗagawa ma ta wadatar. Data kaɗan za ka kashe, sau ɗaya, wajen ɗauko alƙaluma. Sauran aikin ko babu sabis za ka yi shi.

Mene ne Apophis?

Ban da manyan duniyoyi, akwai duwatsu masu ɗimbin yawa da ke zagaya rana, waɗanda ake kira astaroid. Mafi yawansu suna can tsakanin duniyar Mars da Jupiter, ba ruwansu da mu. Amma akwai waɗanda hanyarsu ke kawo su unguwarmu, su ne ake ce wa duwatsun kusa da duniya.

Apophis ɗaya ne daga cikinsu. An gano shi ranar 19 ga Yuni, 2004, a cibiyar hangen taurari ta Kitt Peak da ke jihar Arizona a Amurka. Mutum uku suka gano shi: Roy Tucker da David Tholen da Fabrizio Bernardi. Da farko an yi masa lakabi da 2004 MN4, daga baya aka ba shi lamba 99942 da sunan Apophis, sunan wani maciji a tatsuniyoyin Masar ta dā. Ka riƙe lambar nan, da ita za mu nemo shi.

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi

Kilomita ta yi ƙanƙanta a wannan fage. Ana amfani da matsakaicin nisan da ke tsakanin duniya da rana a matsayin mudu ɗaya, ana rubuta shi AU. AU ɗaya kimanin kilomita miliyan 149.6 ne. Duniyarmu ba a da'ira cikakkiya take tafiya ba: a watan Janairu tana matsowa zuwa AU 0.983, a watan Yuli kuma ta ja baya zuwa AU 1.017. Duk dutsen da ke iya matsowa rana ƙasa da AU 1.3 ana sa shi cikin na kusa da duniya.

Mataki na 1: Ɗauko alƙaluma

Cibiyar JPL ta hukumar NASA tana da rumbun bayanai na waɗannan duwatsu. Buɗe burauza ka rubuta:

ssd-api.jpl.nasa.gov/sbdb.api?sstr=99942&phys-par=1

Za ka ga rubutu a cunkushe, tsarin JSON ne, kada ya ba ka tsoro. Haruffa huɗu kawai muke nema: a da e da i da H. Ga abin da za ka tarar, ko kusa da shi ƙwarai, domin ana sabunta lambobin ƙarshe lokaci zuwa lokaci:

a = 0.9224
e = 0.1912
i = 3.3
H = 19.09

Ga ma'anarsu. Hanyar da dutse ke bi wajen zagaya rana, wato falakinsa, siffar ƙwai gare ta. Idan kana son ganin yadda take, kafa turaku biyu a ƙasa, ka ɗaura igiya mai sako-sako a tsakaninsu, ka sa tsinke ka ja igiyar ta miƙe, ka zagaya kana zane. Abin da ya fito shi ne siffar falaki, kuma rana tana zaune ne a gurbin turke ɗaya, ba a tsakiya ba.

Harafin a shi ne rabin tsawon ƙwan, a ma'aunin AU. Harafin e yana nuna yadda ƙwan ya miƙe: idan sifili ne da'ira ce cikakkiya, yana ƙaruwa ƙwan yana ƙara tsawo. Na duniyarmu 0.017 ne kacal, ka ga na Apophis ya ninka shi fiye da sau goma. Harafin i kuma karkata ce, wato digiri nawa falakin dutsen ya jirkice daga shimfiɗar falakin duniya. Digiri 3.3 kaɗan ne, kusan a faranti ɗaya muke tafiya da shi. Za mu dawo kan H a mataki na 4.

Mataki na 2: Ina yake kaiwa, ina yake dawowa?

Buɗe Pydroid 3 ka rubuta wannan:

a = 0.9224
e = 0.1912
kusa = a * (1 - e)
nesa = a * (1 + e)
print(kusa, nesa)

Za ka samu 0.746 da 1.099. Ma'ana, idan Apophis ya matso rana yana kaiwa AU 0.746, kusa da hanyar tauraruwar Zara wadda ke AU 0.72. Idan ya ja baya kuma yana kaiwa AU 1.099, wato ya ɗan wuce hanyarmu.

A nan maganar take. Mu muna tsakanin 0.983 da 1.017, shi kuma yana kai da komo tsakanin 0.746 da 1.099. Ke nan a kowane zagaye sai ya ratsa nisan da muke, sau ɗaya yana fita, sau ɗaya yana komawa. Amma ratsa hanya daban, karo daban. Kullum shanu suna tsallaka titin Gummi zuwa Anka, ba kullum mota ke bugunsu ba. Kafin a yi karo sai an haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a nan har da sama da ƙasa, saboda karkatar nan ta digiri 3.3.

Mataki na 3: Kwana nawa shekararsa?

A shekarar 1619 wani masanin taurari Bajamushe, Johannes Kepler, ya fitar da wata ƙa'ida: idan ka san a, ka san tsawon lokacin zagaye. Ka ɗaga a zuwa 1.5, amsar ita ce shekaru. Ƙara wannan a ƙasa:

shekara = a ** 1.5
kwana = shekara * 365.25
print(shekara, kwana)

Amsa: shekara 0.886, wato kwana 323 da rabi da ɗoriya. Koma shafin JPL ka nemi inda aka rubuta per, za ka ga kusan lambar da ka samu ce. Ranar da na fara gwada wannan na daɗe ina kallon wayata, layi biyu kacal sun ba ni abin da ke rumbun NASA.

Tunda shekararsa ta gaza tamu da kusan kwana 42, yana riga mu gama zagaye. Shi ya sa mafi yawan lokuta idan ya iso mahaɗa mu muna wani wuri can daban. Sai bayan shekaru ake dacewa mu iso kusan tare, kuma 2029 ita ce dacewar da ta fi kowace matsewa.

Duwatsun da a ɗinsu bai kai 1 ba amma suna ratsa hanyarmu, ana kiran rukuninsu Aten. Waɗanda a ɗinsu ya wuce 1 suna ratsowa daga waje, su ne Apollo. A yanzu Apophis ɗan Aten ne.

Mataki na 4: Yaya girmansa?

A madubin hangen nesa Apophis ɗigon haske ne kawai. To ta yaya aka san girmansa? A nan H ke shigowa. H ma'aunin hasken dutse ne da a ce an ajiye shi a wani nisa da aka yi ittifaƙi a kai. Lambar tana tafiya a juye: ƙaramar lamba, haske mai yawa.

Sai dai haske kaɗai yana ruɗi. Da daddare ka haska tocila kan farar riga ƙarama da baƙar babbar riga, za su iya yi maka haske ɗaya. Don haka sai an san ƙyallin dutsen, wato kashi nawa na hasken rana yake mayarwa. Na Apophis an ƙiyasta kusan 0.35. Ga lissafin:

H = 19.09
kyalli = 0.35
fadi = 1329 / kyalli ** 0.5 * 10 ** (-H / 5)
print(fadi * 1000)

Za ka samu kimanin mita 341. Yanzu canza ƙyallin zuwa 0.05, irin na duwatsu baƙaƙe kamar gawayi, ka sake gwadawa. Amsar za ta haura mita 900. Haske ɗaya, girma ya kusa ninka uku. Duk lokacin da ka ga labarin sabon dutse an ce girmansa "tsakanin kaza da kaza", dalilin ke nan: an auna haskensa, ba a riga an san ƙyallinsa ba.

Na Apophis an tabbatar da shi ta wata hanyar. An harba masa siginar rada daga tashar Goldstone a Kalifoniya da ta Arecibo a Puerto Rico a 2012 zuwa 2013, aka karanta abin da ya dawo. Matsakaicin faɗinsa kimanin mita 340 ne, amma ba dunƙulalle ba ne. Dogo ne, wajen mita 450 ta tsawo, kuma alamu sun nuna curi biyu ne a manne kamar kwanson gyaɗa. A taƙaice, tsawonsa ya haura filin ƙwallo huɗu a jere.

Juyawarsa ma ba irin ta duniya ba ce. Ba a kan sanda ɗaya yake juyawa ba, tangaɗi yake yi kamar ƙwaryar da aka wurga sama, kuma haskensa yana maimaita salo duk bayan kimanin awa 30 da rabi.

Da wane irin dutse aka yi shi?

Launin hasken da yake mayarwa ya nuna dutse ne na gaske mai ɗan ƙarfe kaɗan, dangin waɗanda masana ke kira LL kondirait. Irin wannan dutse ya taɓa faɗowa a ƙasar Hausa. Ranar 21 ga Yuli, 2002, wani dutse ya tarwatse a sama ya zubo a yankin Haɗeja ta jihar Jigawa, aka tattara kimanin kilo 19, aka yi masa rajista da sunan Kilabo. Shi ma LL kondirait ne. Wanda ya taɓa riƙe ɓallin Kilabo ya riƙe abin da ya yi kama da jikin Apophis.

Kada a haɗa shi da na Zagami, wanda ya faɗo a lardin Katsina ranar 3 ga Oktoba, 1962, kusa da wani manomi a gonarsa, mai nauyin kilo 18. Shi wannan bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne.

Nauyi fa? Mutanen Anka da Bukkuyum da suka san aikin haƙar zinare sun san buhun dutse da buhun ƙasa ba nauyinsu ɗaya ba. Haka abin yake a nan. Idan muka ɗauke shi a matsayin ƙwallo mai faɗin mita 340, cikinsa ya kai mita kubik miliyan 20 da rabi. Idan kowace mita kubik tana da tan 2 zuwa 3, gwargwadon yawan ramukan da ke cikinsa, nauyin zai kama daga tan miliyan 41 zuwa 62. Tifa mai ɗaukar tan 30 sai ta yi sawu fiye da miliyan ɗaya kafin ta kwashe shi. Wannan ƙiyasi ne, ainihin nauyin sai an auna shi daga kusa.

Ba abin wasa ba ne. Wanda ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha ranar 15 ga Fabrairu, 2013, bai wuce mita 20 ba, amma ya jikkata mutum kusan 1,500, akasari da fasassun gilasan tagogi. Don haka tsoron kawuna yana da tushe. Abin tambaya shi ne ko zai same mu.

Daga ina maganar karo ta samo asali?

A watan Disambar 2004, lokacin da ba a daɗe ana bin sawunsa ba, lissafi ya nuna yiwuwar ya bugi duniya a 2029 ta kai kashi 2.7 cikin 100. Aka ɗora shi a mataki na 4 a sikelin Torino, wanda ke auna haɗari daga 0 zuwa 10. Babu dutsen da ya taɓa kaiwa nan. Kafin watan ya ƙare aka samo tsofaffin hotunan da aka ɗauka a watan Maris na shekarar, waɗanda yake ciki ba a lura ba. Da aka ƙara su a lissafi, haɗarin 2029 ya kau.

Ga yadda abin ke aiki. Idan ka hango fitilar babur daga nesa da daddare na daƙiƙa biyu, ba za ka iya cewa ga inda zai bi ba, sai dai ka ce tsakanin can da can, kuma kana cikin tsakanin. Da ka ƙara kallo tazarar tana tsukewa. Muddin kana cikinta, kasonka yana ƙaruwa, domin wurin ya ragu kai kuma ba ka ragu ba. Can sai tazarar ta tsuke ta bar ka a waje, kason ya faɗi sifili lokaci ɗaya. Haka aka sake gani da dutsen 2024 YR4 a watan Fabrairun 2025: ya hau har kashi 3.1, cikin kwanaki kaɗan ya sauko.

Bayan 2029 an ci gaba da sa ido kan 2036 da 2068. Wani abin da ya wahalar da lissafin shi ne zafin rana: dutsen yana shan zafi ya fitar da shi ta gefe, wannan yana tura shi a hankali, har a ɗinsa yana raguwa da mita 170 zuwa 200 a shekara. A watan Maris na 2021 aka sake auna shi da rada daga Goldstone, NASA ta sanar cewa babu haɗarin karo na aƙalla shekara 100. Masu bidiyo labarin 2004 suke sake dafawa, ba sa kawo na 2021.

Me zai faru ranar 13 ga Afrilu, 2029?

Ranar Juma'a ce. Da misalin ƙarfe 10:46 na dare agogon Najeriya da Nijar, Apophis zai wuce a nisan kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa. Taurarin ɗan'adam da farantin satalayit ɗinka ke kallo, irin su NigComSat-1R, suna kilomita 35,786. Ke nan zai fi su kusa, ko da yake hanyarsa a karkace take, ba ta cikin layinsu zai bi ba. Wata kuwa yana kilomita 384,400.

Don ka ga hoton: ɗauki ƙwallon ƙafa a matsayin duniya. Wata yana mita 6 da rabi daga ƙwallon. Apophis zai wuce a santimita 55, kusan kamu ɗaya da ɗoriya, kuma a wannan sikelin girmansa bai kai ƙwayar garin tuwo ba. Gudunsa kimanin kilomita 7.4 a daƙiƙa, wato Gusau zuwa Sakkwato cikin kusan rabin minti.

Ƙarfin jan duniya zai lanƙwasa hanyarsa. Bayan wucewar, a ɗinsa zai koma kusan 1.103. Saka wannan a lissafin mataki na 3, za ka samu kimanin kwana 423. Dutsen da ke riga mu gama zagaye zai koma yana bin bayanmu, ya bar rukunin Aten ya shiga Apollo. A wannan haɗuwar mu ne za mu taɓa shi, ba shi zai taɓa mu ba.

Kumbon NASA da ya kawo samfurin dutsen Bennu a watan Satumbar 2023 an sauya masa suna zuwa OSIRIS-APEX an tura shi ya riski Apophis bayan wucewar. Hukumar sararin samaniya ta Turai ma tana shirya nata mai suna Ramses. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2029 a matsayin shekarar wayar da kai kan waɗannan duwatsu.

Za mu gan shi daga nan?

In Allah ya kai mu, e. Afirka da Turai da yammacin Asiya ne ke cikin dare a lokacin, kuma da ido za a gan shi, ba sai da madubi ba. Haskensa zai kai kusan na tauraron da ya fi haske a cikin Kaza da 'Ya'yanta. Daren ya faɗo a ƙarshen watan Zulƙida, babu farin wata. Lokacin bazara ne, mutane na kwana a tsakar gida, kuma garuruwanmu ba su da hasken lantarkin da ke dushe taurari kamar Kano ko Legas. Ba sai ka fita bayan gari ba, tsakar gida ta isa, idan ƙura ko hadari ba su rufe sama ba.

Ka fara dubawa bayan isha'i, musamman tsakanin ƙarfe 9 da 10. Ba shi da wutsiya, ba ya walƙiya kamar fitilar jirgi, ba ya ƙara. Ɗigo ne da ke tafiya a tsakanin taurari, idan ya matso yana cin faɗin wata guda cikin ƙasa da minti ɗaya. Manhajar Stellarium za ta taimaka maka ka san taurarin da ke samanka, ka fara sabawa da ita tun yanzu.

Aikin gida

Ga alƙaluman dutsen Bennu: a = 1.126, e = 0.204. Lissafa kusa da nesa da kwanakin shekararsa, sannan ka faɗi ko ɗan Aten ne ko Apollo. Idan kwanakin da ka samu sun kai 436 da 'yan kai, ka yi daidai.

Daga yau idan aka turo maka bidiyon dutse, nemi sunansa ko lambarsa, ka sa a gurbin 99942 a adireshin mataki na 1. Idan mai bidiyo bai faɗi suna ba, bai faɗi nisa ba, kada ka tura wa kowa. Ranar tashin duniya Allah kaɗai ya san ta. Hanyar dutse kuwa abu ne da ake aunawa, kuma yanzu kai ma ka iya farkon awon.

Na nuna wa kawu lissafin a wayata, na kuma ajiye ƙwallon yara a tsakar gida na auna masa kamu ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce idan ranar ta zo in tashe shi ko ya yi barci. Sai mun haɗu a darasi na gaba, inda za mu rubuta ƙaramar manhajar da za ta ɗauko waɗannan alƙaluma da kanta.